An ba ni maki 2 a "dabarun tambaya", an ce in ƙara ƙoƙari. Ƙoƙarin me?

Malamar Aji Huɗu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. An shigo duba ajina, mutumin ya zauna a kujerar baya minti arba'in yana ta rubutu, bai ɗago kai ba sai jefi-jefi. Washegari aka miƙo mini fom mai shafi uku. Tsarin aji 4, shirin darasi 3, sarrafa yara 4, dabarun tambaya da tattaunawa 2. A ƙasa an rubuta da jan biro, "A ƙara ƙoƙari." Shi ke nan. Shekarata 7 ina riƙe da alli, kuma a darasin nan na yi tambaya ta fi talatin. To in talatin ta ba ni 2, sittin zan yi in samu 4? Masu ilimin abin nan ku faɗa mini gaskiya: wannan tsarin auna malamai yana gyara koyarwa, ko takarda ce kawai ake cikewa don a samu abin sakawa a fayil?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Malama, fayil ne, kada ki wahalar da zuciyarki. Kowane malami da ya kwana biyu a aikin nan yana da darasin baƙi a ajiye, wanda yake zarowa ranar da aka ce za a zo. Ranar ce kaɗai za ki ga kwali mai zane a bango, a raba yara rukuni-rukuni, malam yana murmushi kamar bai taɓa tsawa ba. Har akwai tsohuwar barkwancin nan ta malamin da ya ce wa yaransa in baƙo ya shigo kowa ya ɗaga hannu, wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Mai duba ya ga hannaye arba'in a sama, ya ba da maki cikakke, ya tafi. Me aka auna a nan?

Sabon Malami: Malam, ka ba ni dabara, wata mai zuwa ne nawa.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, kada ka ɗauka, wasa yake yi. Malama, kafin mu zagi fom ko mu wanke shi, ki rubuto mana tambayoyi biyar daga cikin talatin ɗin nan, yadda kika faɗe su da bakinki.

Malamar Aji Huɗu: To Baba. Darasin a kan ruwa ne da yadda yake zama tururi. Na ce: Ruwa yana da kala? Suka ce a'a. In an tafasa ruwa me yake fitowa? Tururi. Tururi ruwa ne ko ba ruwa ba ne? Ruwa ne. Kun gane? Mun gane. Me na ce yake fitowa? Tururi.

Tsohon Hedimasta: Madalla. Yanzu ki sake karanta su. Akwai wadda yaro zai tsaya ya yi tunani kafin ya amsa? Kuma waɗannan amsoshi, baki ɗaya aka ba ki su, ko ba haka ba? Yara goma na gaba su faɗa da ƙarfi, sauran su bi sautin. Wanda ya duba ki ya ga abin da yake gaskiya. Laifinsa ɗaya ne, amma babba: ya gani ya ɓoye miki. Ya ba ki lamba, ya riƙe hujja a littafinsa. Ni ma na yi shekaru ina wannan kuskuren, in rubuta wa malami "a inganta", in ji kamar na sauke nauyi.

Malamar Aji Huɗu: Baba, wallahi sai da na rubuta su a jere na ji kunya. A aji ba haka suke fitowa ba, ji nake kamar ajin ya ɗauki wuta.

Mai Horar da Malamai: Ƙanwata, babu abin kunya, malamai da yawa a nan suke tuntuɓe. Bari in ɗan ba da asalin irin fom ɗin da aka ba ki, don daga yadda kika zayyana shi, ɗan gidan tsarin Charlotte Danielson ne. Ba'amurkiya ce, ta fitar da tsarinta a 1996. Ta raba aikin malami gida huɗu: shiri kafin darasi, yanayin aji, koyarwar kanta, da sauran nauyin aiki kamar ajiye bayanan yara da hulɗa da iyaye. A ƙarƙashinsu akwai sassa 22, kowanne da matakai huɗu, daga wanda bai gamsar ba har zuwa gwani.

Abin da aka yanke miki shi ne, a asalin tsarin, kowane mataki yana da bayanin abin da ido zai gani. A sashen tambaya, mataki na ƙasa yana siffanta ajin da malami ke jefa tambayoyi masu amsa ɗaya a jere, yara ƙalilan ne ke magana. Na uku kuwa yana siffanta ajin da tambaya ke buƙatar tunani, ana ba yaro lokaci, yara suna amsa wa junansu ba malami kaɗai ba. Da an ba ki wannan bayanin tare da lambar, da ba ki zo nan kina tambayar ƙoƙarin me ba. Amfanin tsarin ke nan a wurina: ya sa ni da ke mu yi magana da harshe ɗaya a kan mene ne darasi mai kyau. In aka cire bayanin aka bar lamba, an zubar da abin da ke ciki an miƙo miki ƙwarya.

Malamin Lissafi: Hajiya, da girmamawa, duk wannan a takarda yake da daɗi. Sassa 22 a minti arba'in? Wane mahaluki ne zai kalli abu 22 lokaci guda kuma yana rubutu?

Mai Horar da Malamai: Ba duka ake gani a aji ba, Malam. Shiri da nauyin aiki a wajen aji ake duba su. Amma ko na cikin ajin, na yarda sun yi wa ido ɗaya yawa in ana son a ba kowanne maki a zama ɗaya.

Mai Duba Makarantu: Tun ɗazu nake karantawa, na ga mu ake yanka ba wuƙa, bari in kare kaina. Akwai lokacin da nake shiga aji biyar a rana. Kafin in kai na huɗu, fuskokin malaman sun gauraye a kaina. Ana buƙatar fom cikakke daga gare ni, babu gurbin da za a bari. To sashen da ban ga komai a kansa ba, me zan rubuta? Sai in sa 3, don 3 ba ta jawo faɗa. In na sa 1, malami zai bi ni har ofis, shugaban makaranta ya kira ni ya ce na ɓata masa suna. In na sa 4 ga kowa, a ce ban yi aiki ba. Ba ina cewa daidai ne ba, ina faɗa muku yadda lambar take haihuwa ne.

Malamin Lissafi: Allah ya saka da alheri Yallaɓai, ka gama mini aikina.

Mai Horar da Malamai: Abin da Yallaɓai ya faɗa ba a wurinsa kaɗai yake faruwa ba. A 2009 wata ƙungiya a Amurka ta binciki gundumomin ilimi 12 a jihohi huɗu. Inda ake raba malamai gida biyu kawai, ya gamsar ko bai gamsar ba, fiye da kashi 99 cikin ɗari an ce sun gamsar. Wato awon bai bambanta kowa da kowa ba.

Daga nan ne gidauniyar Bill Gates ta zuba kuɗi a wani babban bincike, daga 2009 zuwa 2013, da malamai kusan 3,000, aka ɗauki darussansu a bidiyo aka ba mutane daban-daban su ba da maki. Abu biyu na riƙe daga ciki. Na farko, duba ɗaya daga mutum ɗaya ba abin dogaro ba ne, kuma ƙara mai duba na biyu ya fi amfani a kan mutum ɗaya ya sake dawowa. Na biyun kuma naki ne Malama: malamai sun fi samun maki a sarrafa aji da kiyaye lokaci, sun fi faɗuwa a wurin tambaya da tattaunawa. Fom ɗinki, 4 a can 2 a nan, hoton yawancin malaman binciken ne.

Uwar Yara Uku: Ku yi haƙuri, ni ba malama ba ce, amma 'ya'yana ne a gabanku. Na ga duk kuna tausayin malami. Yarona na biyu ya yi shekara cur a hannun wanda yake shigowa ya cika allo da rubutu ya fita. Da na kai ƙara, aka buɗe mini fayil aka nuna mini makinsa, duk masu kyau. In ba za a auna ku ba, ko kuma awon ba zai taɓa ciwo ba, wa zai tsaya wa yaron da ba shi da bakin magana?

Tsohon Hedimasta: Hajiya, maganarki dutse ce. Babu mai hankalin da zai ce a daina shiga aji. Malamin da yake kulle ƙofarsa kada a gani, ni shi nake fara zargi. Amma ki lura, fayil ɗin da aka nuna miki shi ne shaidar cewa lamba ba ta kare ɗanki ba. Da wani yana leƙa ajin nan minti goma duk mako biyu ba tare da sanarwa ba, da an gano shi tun zangon farko.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi a kujerar, shi ne aiki biyu ne muka ɗora wa takarda ɗaya. Akwai awon hukunci: wa za a tabbatar, wa za a ƙara wa girma, wa za a sallama. Akwai awon gyara: me ke hana yaran nan fahimta, ta ina za mu fara. Malamin da ya san ƙarin girmansa yana hannun wanda ke zaune a baya, ba zai taɓa ce masa "ka duba mini, rukunin nan nake kasa sarrafawa" ba. Zai ɓoye rauninsa ya fito da darasin baƙi. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya kamata ya nuna wa mai gyara.

Mai Duba Makarantu: Baba, a nan ban bi ka ba. In ka cire tsoro gaba ɗaya, rabin malamai ba za su ko karanta abin da ka rubuta musu ba. Na gani da idona. Shawarar da ba ta da haƙora, a aljihu take ƙarewa.

Malamin Lissafi: Mai haƙoran kuma mun ga inda ta kai mu.

Mai Horar da Malamai: Ku biyun kowa yana da abin kafa hujja, shi ya sa rigimar ba ta mutuwa. A birnin Sinsinati na Amurka an yi amfani da tsarin da aka gina a kan na Danielson. A shekarar awo, ana shiga ajin malami sau huɗu, uku daga ciki ƙwararren malami ne daga wata makaranta yake zuwa, ɗaya kuma shugaba, ana kuma ba shi bayani a rubuce bayan kowace shiga. Masu bincike biyu, Eric Taylor da John Tyler, suka bi malaman da suka riga suka daɗe a aiki, suka ga makin lissafin ɗalibansu ya ɗaga a shekarun da suka biyo bayan awon, kuma waɗanda suka fi rauni da farko su suka fi ci gaba. Wannan ya fito a 2012.

Sai kuma ɗaya gefen. Gidauniyar Gates da wasu gundumomi suka haɗa shiri na shekaru, wanda ya ci kimanin dala miliyan 575, aka ɗaure awon malamai da ɗauka aiki da albashi da sallama. Cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta fitar da rahoto a 2018 cewa shirin bai kawo ci gaban da ake nema a sakamakon ɗalibai ba. A Ingila ma, hukumar duba makarantu ta Ofsted ta daina ba darasi ɗaya-ɗaya maki tun 2014. Ni abin da na fahimta, gyaran yana zuwa ne daga zaman da ake yi bayan duba, ba daga lambar ba.

Sabon Malami: Hajiya, to shi zaman yaya ake yinsa? Ni wanda aka yi da ni a lokacin koyon aiki, minti biyar ne a tsaye bakin ƙofa, aka lissafo mini kurakurai tara. Na fita ban tuna ko ɗaya ba, sai zafin.

Tsohon Hedimasta: Bari in faɗa maka yadda na koma yi a shekaruna na ƙarshe, ɗana. Kafin in shiga, mu zauna da malami mu zaɓi sashe ɗaya tak daga cikin tsarin. A ce tambaya. In shiga da farar takarda, in zana kujerun ajin. Duk yaron da ya yi magana in sa masa ɗigo. Duk tambayar malami in rubuta ta kalma da kalma, da lokacin da aka yi ta. Ba na rubuta "bai kyautu ba" ko "ya yi kyau", don wannan hukunci ne, kuma hukunci gardama yake haifarwa. Abin da ya faru kawai nake rubutawa.

Bayan an tashi, a ranar ko washegari, kada a bari ya kwana uku, in ajiye takardar a gabansa in yi shiru. Na tuna wani malamin kimiyya, mai ƙwazo ƙwarai, da ya kalli zanen ya ga ɗigo 19 sun taru a layi biyu na gaba ta hannun damarsa, layin taga kuwa fari fat. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe baya nake ba su in ina rubutu a allo." Ni ban ce komai ba. Da na faɗa masa da bakina cewa yana nuna bambanci, da mun yi sa'a guda yana kare kansa. Daga nan mu amince a kan abu ɗaya da zai gwada, in dawo bayan mako biyu in duba wannan abin kaɗai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai ka nuna wa mutum inda kayan suka karkace.

Mai Duba Makarantu: Wannan shugaban makaranta ne zai iya, Baba, yana wurin kullum. Ni da nake zuwa sau ɗaya a zango fa?

Tsohon Hedimasta: To ka duba shugaban, Yallaɓai. Ka ce ya nuna maka ajin da ya shiga a watan nan da abin da suka amince da malamin.

Mai Horar da Malamai: Ko shugaban ma ba dole sai shi ba. A Japan malamai sun daɗe suna shirya darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya suna kallon yara, ba malamin ba, sannan su zauna su tattauna me yaran suka gane, ina suka ɓata. Ga wanda kuma yake son tsari mai sauƙi, Bankin Duniya ya fitar da nasa a 2019, mai suna Teach, kyauta ne, an yi shi don makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ana duba minti 15 sau biyu a darasi ɗaya.

Malama, ke kuma ga naki abu ɗayan. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 ta ga malami yakan jira kimanin daƙiƙa ɗaya bayan tambaya kafin ya maimaita ko ya amsa da kansa. Da aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. Ki shirya tambaya biyu kacal waɗanda ba a amsa su da e ko a'a, ki hana amsar baki ɗaya, ki ƙirga biyar a zuci, sannan ki kira suna. Ki roƙi wata malama ta zauna ta yi miki ɗigon Baba.

Malamin Lissafi: Sai kuma manhaja ta tsaya tana jiranki. Mu da ake bin mu bashin babi shida kafin jarrabawa, ina muka ga lokacin ƙirga biyar?

Uwar Yara Uku: Malam, gama babi shida da yaro bai gane ko ɗaya ba, wa aka yi wa?

Malamin Lissafi: An yi wa wanda zai duba littafin aikina ya ga na gama, Hajiya. Shi ma wani fom ɗin ne.

Malamar Aji Huɗu: Na dawo da rahoto, 'yan zaure, bayan kwana goma sha biyu. Malamar aji uku ta zauna mini sau biyu, ni ma na zauna mata. Ranar farko na tambaye su: in an shanya riga jiƙaƙƙiya ta bushe, ina ruwan ya tafi? Na ce kada kowa ya amsa. Baba, daƙiƙa biyar ɗin nan ta yi mini tsawon shekara. Yara suka zuba mini ido kamar na manta darasin. Na kira wata yarinya a layin baya da ban taɓa jin muryarta a darasin kimiyya ba. Ta ce rana ce take shanyewa. Bakina har ya buɗe zan ce a'a, sai na tuna, na ce wa ya yarda da ita? Wani yaro ya ce to ai da daddare ma kaya suna bushewa in akwai iska, kuma babu rana. Nan fa aji ya kaure. Wata ta ce ruwan ƙasa yake ɗiga, wani ya ce in haka ne me ya sa ƙasan ba ta jiƙe sosai ba.

Ɗigo ya nuna yara 14 sun yi magana cikin 46. Amma Malamin Lissafi yana da gaskiyarsa, rabin abin da na shirya ban kai gare shi ba, aka buga ƙararrawa. Rana ta biyu kuma na koma halina, malamar ta ƙirga mini "kun gane?" har sau 11.

Malamin Lissafi: Na faɗa. Amma yaron nan na iska da daddare, ki riƙe shi da kyau.

Tsohon Hedimasta: Sha ɗayan nan, da can nawa ne? Ba ki sani ba, don ba wanda ya taɓa ƙirga miki. Ki bar ta ta ci gaba da ƙirgawa. Ita yarinyar layin baya, ta sake magana a rana ta biyu?

Malamar Aji Huɗu: Ba ta ɗaga hannu ba, Baba, amma da aka tashi ta biyo ni har ƙofa ta ce ta shanya ƙyalle biyu a gida, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, kuma na inuwar ma ya bushe.

Mai Duba Makarantu: Malama, in ba damuwa ki turo mini hoton zanen ɗigon, ki rufe sunayen yaran. Ina da zama da shugabannin makarantu ranar Talata, ina so su gani.

Sabon Malami: Ni ma a turo mini. An matso da nawa duban zuwa Alhamis, kuma har yanzu ba a ba ni fom ɗin na gani ba. Ya halatta in je in roƙa kafin ranar?

Mai Duba Makarantu: Ka je gobe da safe. Ka ce kana son har da bayanin matakan, ba shafin maki kaɗai ba.